Bawan da ya riga sarakunanmu zuwa Landan

Duk wanda ya ɗan leƙa tarihin Katsina ya san Sarki Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921, kuma har gobe ana ba da labarin tafiyar nan da alfahari. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka bi sawu. A 1943 Malam Abubakar Imam ya tafi cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta mana abin da idonsa ya gane masa. Waɗannan duk suna cikin littattafanmu. Wanda babu shi a ciki shi ne wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram da ya sauka Landan a watan Satumba na 1855, shekara 66 kafin Dikko. Babu mai busa masa algaita, babu dogari ko ɗaya a bayansa, shi ne ma yake ɗauke da kayan wani. Sunansa Dorugu, kuma 'yan shekaru kaɗan kafin wannan rana bawa ne a Kukawa.

Zuwa Landan shi kaɗai ba zai sa in ɗauki alƙalami a kansa ba. Abin da ya sa nake maganarsa shi ne ya zauna ya ba da labarin rayuwarsa tun daga ƙauyensu har ƙasar Turawa, da bakinsa, da Hausa, aka rubuta aka buga, kuma rubutun yana nan har yau. Na yi firamare, na yi sakandare, na ɗauki darasin Hausa na ɗauki na tarihi, ba a taɓa ambata mini sunansa ba. Sai da na girma na yi kiciɓis da shi, shi ma a fassarar Turanci. Abin ya tsaya mini a rai tun daga ranar. Ra'ayina shi ne a mayar da labarin Dorugu cikin rubutun Hausa na yau, a danƙa shi a hannun 'ya'yanmu a makarantun Najeriya da Nijar, mu kuma daina yi kamar mantuwa ce kawai ta sa muka bar shi a baya.

An haife shi wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance, a ƙasar da take cikin Jamhuriyar Nijar a yanzu. Mahaifinsa makaɗi ne, yana kuma noma. Tun yana ƙarami bauta ta raba shi da mahaifiyarsa. Daga baya shi ma aka kama shi, aka kora shi zuwa birnin Damagaram, daga can aka wuce da shi Kukawa, fadar Borno a zamanin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu, ya faɗa hannun wani Balarabe. Da labarin ya tsaya nan, da ya zama ɗaya daga cikin dubban yaran da rairayin Sahara ya haɗiye, ko aka watsa gidajen Fezzan da Tarabulus, babu wanda ya sake jin ɗuriyarsu.

A daidai lokacin akwai wasu baƙi a Kukawa. Gwamnatin Ingila ce ta turo su, suka taso daga Tarabulus a 1850 su uku: James Richardson, Baturen Ingila, shi ne madugu, sai Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Richardson bai ga Kukawa ba, ajali ya tare shi a hanya a 1851. Overweg, wanda mutane suke kira Tabib, shi ne ya harhaɗa jirgin ruwan da suka keto Sahara da shi gunduwa-gunduwa a kan raƙuma, ya shiga Tafkin Chadi da shi ya zaga tsibiransa. Barth kuwa ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, kuma da wannan suna Dorugu yake kiransa. Overweg ne ya fanshi Dorugu, tare da wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega, ya 'yanta su. Ba a jima ba zazzaɓi ya kashe shi a bakin tafkin, a watan Satumba na 1852, yaran biyu suka koma hannun Abdulkarim.

A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara suka bar Kukawa suka yi yamma. Babban zangonsu na farko shi ne Damagaram, wato garin da aka shigo da Dorugu a matsayin kaya, ga shi ya dawo cikinsa da 'yancinsa, amma bai tsaya ba, don ayari ba ya jiran yaro. Daga nan sai Katsina, sai Wurno, inda a kusa da ita Barth ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, sai Sakkwato, sai Gwandu, inda ya sami kwafin Tarikh al-Sudan, littafin tarihin Tambutu da daular Songhai, ya duƙufa yana kwafar abin da ya iya. Suka haye Kwara a Sayi, suka ratsa ƙasashen Fulani da Buzaye, suka shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba 1853. Wata da watanni suka yi a can cikin zaman ɗar-ɗar, don mahukuntan Hamdallahi, fadar daular Fulanin Masina, ba su yarda da zaman Kirista a garin ba, Shehu Ahmad al-Bakkay na Kunta ne ya tsaya kai da fata ya kare baƙonsa. A Turai har an yi shelar mutuwar Barth. Duk wannan Dorugu yana wurin, ɗan shekara 13 ko 14, shi ne ɗaurin kaya, shi ne kwance kaya, shi ne bin raƙuma, idonsa kuma a buɗe.

Suka juyo ta Gawo da Sayi da Sakkwato da Kano, suka isa Kukawa a ƙarshen 1854. A watan Mayu na 1855 suka fuskanci arewa, ta Bilma da Murzuk, suka ga teku a Tarabulus a watan Agusta. Jirgin ruwa ya kai su Malta, ya kai su gaɓar Faransa, suka bi ta Faris, suka haye zuwa Landan. Bayan 'yan makonni Barth ya tafi da su Hambug, garinsu, wurin mahaifinsa da danginsa. In ka auna wannan hanya a taswira, daga Tafkin Chadi zuwa Tambutu, a dawo, a ƙetare Sahara, a ƙetare Bahar Rum, za ka yi wuya ka sami Bahaushen zamaninsa da ya taka ƙasa kamarsa, ko cikin manyan madugai.

A nan labarin ya fi daɗi, a nan kuma darajarsa take. Duk tsawon ƙarni na 19 mu ake kallo. Bature ya zo da alƙalaminsa ya rubuta yadda muke ci, da yadda muke gaisuwa, da yadda matanmu suke kitso. Barth shi kaɗai ya cika mujalladi biyar. A bakin Dorugu sai abin ya juya: Bahaushe ne yake kallon Bature, yana kwatanta shi kamar yadda fatake suke ba da labarin Gwanja in sun sauke kaya a gida. Ya lura da yadda Jamusawa suke son taba, har ya ce za ka ga yaro ƙarami da lofe a baki. Ya kwatanta liyafar cin abincin dare ta mutanen Ingila daki-daki, yadda ake shiga, yadda ake jera maza da mata a teburi guda, da cokula da wuƙaƙe, da abinci da ake kawowa kashi-kashi. Ba ya rusuna musu, ba ya kuma zaginsu. Abin da ya ba shi mamaki ya ce ya ba shi mamaki, abin da bai yi masa ba ya ce bai yi masa ba. A wurinsa Turawa wasu mutane ne masu tasu al'adar, kamar yadda Barebari da Buzaye da Larabawan da ya zauna da su suke da tasu. Ni wannan natsuwa ce ta fi burge ni. Shekara hamsin bayan haka, da bindigar Lugard ta yi magana a Kano da Sakkwato, kallon da muke yi wa Bature ya sauya, ya zama ko na tsoro ko na ƙiyayya ko na sha'awa. Dorugu ya bar mana irin kallon da Bahaushe yake yi masa kafin duk wannan.

Yadda aka yi labarin ya shiga takarda shi ma abin ji ne. Akwai wani limamin mishan, Bajamushe mazaunin Ingila, James Frederick Schön, wanda ya shiga tafiyar Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya tsinci Hausa a bakin 'yantattun bayi na Saliyo, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843. Yana zaune a garin Chatham na Ingila sai ga Hausa ta zo masa har gida. Barth ya riga ya shirya mayar da yaran Afirka, Schön ya shawo kansu suka zauna, abin da ya fusata Barth ƙwarai. Abbega ya koma a 1857. Dorugu ya zauna har 1864, yana faɗa Schön yana rubutawa: labarin rayuwarsa, da tatsuniyoyi, da kalmomi, da yadda ake ƙulla jimla. Da wannan taimako Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, sannan a 1885 ya buga Magana Hausa, wanda a cikinsa tarihin Dorugu yake. Faransa ta ba Schön lambar yabo, jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. A yi masa adalci, bai ɓoye sunan yaron ba. Amma duk wanda ya san yadda ake koyon harshe ya san wane ne malami wane ne ɗalibi a ɗakin nan na Chatham. Wannan zube yana cikin mafi daɗewar dogayen rubuce-rubucen Hausa da haruffan boko, an faɗe shi kusan shekara 80 kafin gasar ƙagaggun labarai ta 1933 wadda muke fara lissafi daga kanta.

To, me ya sa ba mu san shi ba?

Wani ɓangare na amsar yana cikin yadda muka ɗauki tarihi tun asali. Tarihi a wurinmu jerin sarakuna ne: wane ya hau, ya yi shekara kaza, ya ci gari kaza, ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Bayajida, Bagauda, Rumfa, Amina, Shehu, Bello, har zuwa Sardauna. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma talaka ba ya shiga irin wannan tarihi sai a matsayin adadi. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, Galadima yana can kudu yana aiko wa sarki bayi dubu duk bayan wata biyu. Dubu. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka faɗi sunansa, ko sunan garinsu, ko abin da uwarsa ta yi ranar da aka tafi da shi. Mun karanta wannan layi mun wuce, muna jinjina ƙarfin Kano. Dorugu ɗaya ne daga cikin irin waɗannan dubbai, sai dai shi Allah ya ba shi bakin magana da wanda zai rubuta. Ya faɗi sunan ƙauyensu da sana'ar ubansa. Wanda ya saba da tarihin fada zai ji wannan bai kai a kira shi tarihi ba, ni kuwa a ganina shi ne rabin da ya ɓace mana.

Babban dalilin dai kunya ce, kuma gara a faɗe ta da sunanta. Labarin Dorugu labarin bauta ne, bautar da ba Bature ne ya yi ta ba. Waɗanda suka kama shi baƙaƙen fata ne, maƙwabta, a ƙasar da take ƙarƙashin sarakunan Musulmi. Muna iya yin awa guda muna la'antar jiragen da suka kwashi mutane zuwa Amurka da Barazil, kuma sun cancanci la'anta, amma da an zo kan kasuwar bayi ta Kukawa ko ta Kano sai murya ta yi ƙasa, a ce ai tamu bautar mai sauƙi ce, bawa ɗan gida ne, wasu ma har sarauta suka riƙe. Laifi tudu ne. Gaskiya ne bayin sarki sun riƙe Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, amma ɗan makaɗin Dambanas ba a tambaye shi ba kafin a raba shi da ubansa, kuma sarautar wani bawan ba ta mayar masa da uwarsa ba. Harshenmu ma bai manta ba ko da mu mun yi shiru: rinji, murgu, fansa, bacucane, ƙwarƙwara, duk suna nan a bakinmu da sunayen ƙauyukanmu. Abin kuma bai yi nisan da muke so mu ɗauka ba. Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Nijar sai a 2003 ta mai da ita laifin da ake ɗaure mutum a kansa, a 2008 kuma kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12. Ni kaina na san auren da aka fasa bayan an kai kuɗin gaisuwa, don wata tsohuwa ta tuna cewa kakan yaron bawa ne. Al'ummar da take binciken asali irin wannan kafin ta ba da 'ya ba za ta ce maganar bauta ta wuce ba.

Masu ganin tono wannan magana cin fuska ne ga magabata ko ga addini, ina roƙonsu su koma ga magabatan. A 1615 Ahmad Baba na Tambutu, garin da Dorugu ya zauna, ya rubuta fatawa a kan wanda ya halatta a bautar da wanda bai halatta ba, ya ambaci mutanen Kano da Katsina da Borno cikin Musulmin da mallakarsu haramun ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta ƙarara cewa bautar da 'ya'ya daga cikin Musulmi haramun ne, kuma wannan yana cikin abubuwan da jama'arsa suka yi kuka da su. Malaman nan ba su yi rubutun don nishaɗi ba, sun yi ne don abin yana faruwa a gabansu. In su ba su ji kunyar faɗa ba a lokacin da masu yin abin suke da takobi a hannu, ban ga dalilin da zai sa mu ji kunyar karanta shaidar wanda abin ya faɗa wa ba.

Sai maganar da na san ita ce za ta fi tsaya wa mutane a maƙogwaro. A Ingila an yi wa Dorugu baftisma, aka sa masa suna James Henry. Ni Musulmi ne, kuma ba zan ɓoye ba, da so samu ne da bai bi wannan hanya ba. Amma in za mu yi hukunci mu fara daga farko. Yaro ne da aka sayar a ƙasar Musulmi, Kirista ya biya kuɗin fansarsa, Kirista ya ciyar da shi, Kirista ya koya masa karatu, yana ɗan shekara goma sha a ƙasar da babu masallaci kusa balle dangi. Wanda yake neman mai laifi a wannan labari ya waiwaya Damagaram da Kukawa kafin ya kai Chatham. Abokin tafiyarsa Abbega, wanda shi ma aka yi wa baftisma, da ya dawo gida ya koma Musulunci, har ya zama Sarkin Lakwaja a 1896, jikansa Maimaina kuma ya zama Sarkin Askira. Hanya ɗaya suka bi, ƙarshensu ya bambanta, kuma wannan kansa darasi ne da ya isa a tattauna a aji. Ban da haka, Hausa harshe ne, ba a tambayar mai magana da shi addininsa kafin a saurare shi. Maguzawa Hausawa ne. Kiristocin Wusasa sun ba Arewa likitanta na farko, Dokta Barau Dikko. In muka ce sai wanda muka yarda da imaninsa za mu karanta, to ƙamus ɗin Bargery, ɗan mishan, na 1934 da ɗalibanmu suke dogara da shi har yau sai mu fara ajiye shi.

Wasu kuma za su ce ai yaron Turawa ne, tafiyar Barth kuwa share fagen mulkin mallaka ce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don gwamnatin Ingila ba ta kashe kuɗinta a banza ba, hanyoyin ciniki take nema, kuma abin da matafiya irin su Barth suka rubuta ya amfani waɗanda suka zo da bindiga daga baya. Sai dai ga abin da yake ba ni haushi. Buɗe kusan kowane kundin digiri a kan tarihin Kano ko Katsina ko Sakkwato na ƙarni na 19, za ka tarar da Barth a ciki. Shi muke kafa hujja da shi a kan yawan mutanen Kano, da marina, da saƙa, da yadda tufafin Kano suke kaiwa har Tambutu. Mun karɓi shaidar maigida hannu bibbiyu, mun ƙi ta yaronsa, alhali yaron ne namu, shi ne ya ga abin da idon ɗan gida, shi ne kuma ya faɗe shi da harshenmu. In akwai wanda ya kamata a yi wa kallon tuhuma a cikin su biyun, ba ɗan shekara 12 da aka fansa ba ne.

Suka guda ɗaya na yarda tana da nauyi. Schön ne ya riƙe alƙalami, mishan ne mai manufa, kunnensa kuma na Bajamushe ne. Bai bambanta baƙaƙenmu masu lanƙwasa yadda muke yi yau ba, ya yi amfani da wasu alamomi da ba mu san su ba, Hausar kuma ta yaro ce da ya bar gida da wuri ya gauraya da Barebari da Larabawa. Duk haka ne. Amma wannan aikin masana ne, dalilin da ya sa muke da sassan Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai ke nan. A tace, a daidaita rubutun, a yi bayani a inda ake zaton hannun Schön ya shiga. Hausar yaron ma ita kanta dukiya ce, don babu na'urar ɗaukar murya a 1856, kuma wannan ne kusan abin da ya fi kusa da jin bakin mutumin ƙasar Damagaram na wancan zamani. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman sun fassara labarin zuwa Turanci, suka haɗa shi da na Maimaina jikan Abbega, jami'ar Yale ta buga. Wato ɗalibi a Amurka ya fi ɗalibi a Kance sauƙin karanta abin da ɗan Kance ya faɗa. Haka aka yi da Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa, duniya ta fara karanta shi da Turanci a 1954. Talakanmu in ya yi magana sai baƙo ya rubuta, mu kuma sai mun ji daga waje kafin mu waiwaya.

Kada a ce yara ba za su iya ɗaukar irin wannan labari ba. Shekara da shekaru ana karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a makarantunmu, labarin yaron da aka sace aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa. An yi fim ɗinsa a 1976. Mun yarda da ƙagaggen, mun yi kuka a kansa, mun rubuta jarrabawa a kansa. Na gasken ne muka kasa buɗewa. Abin da nake nema ba shi da tsada: ƙaramin littafi, Hausar Dorugu cikin daidaitaccen rubutu, da taswirar hanyar da ya bi, da gajeren bayani a kan zamaninsa, a sa shi kusa da Shaihu Umar a manhajar sakandare, malami ya tambayi yara inda labaran biyu suka haɗu da inda suka rabu. Masu shirya finafinai na Kano da suke cewa labari ya ƙare musu, ga wanda yake da hari, da kasuwar bayi, da fadar Sarkin Musulmi, da zaman ɗar-ɗar a Tambutu, da Sahara, da teku, da yaro Bahaushe a teburin Turawa yana nazarin cokali mai yatsu. Hukumomin Damagaram kuma, ɗansu ne, su ya fi kamata su fara kiran sunansa.

Bayan ya dawo a 1864 Dorugu ya yi shekaru yana aikin tafinta ga Turawa. A ƙarshen rayuwarsa Kano ya zauna. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, aka tara malamai da 'ya'yan sarakuna, tsoho Dorugu yana cikin masu koyarwa. Yaron da aka kora daga Dambanas a ƙafa shi ne ya zauna yana nuna wa 'ya'yan masu sarauta yadda ake rubuta harshensu da haruffan da ya riga kowa a cikinsu sani da fiye da shekara 50. A nan ya rasu a 1912. Matar Vischer, Isabelle, ta rubuta cewa da aka buɗe kayansa an tarar da tarin tabarau da ya adana, da kuɗin da bai kashe ba.

Gidan Ɗan Hausa yana nan a Nasarawa, ana kai 'yan makaranta ziyara, ana nuna musu ginin ƙasa da zanen bango da kayan tarihi. Ina so in ga ranar da malami zai tsayar da yaransa a farfajiyar nan, ya zaro ɗan littafi daga aljihu, ya karanta musu da Hausa daga inda mai labarin ya fara, daga Dambanas, da ubansa makaɗi.